Yadda tsaron ƙasa ya shiga tsakanin ɗalibi da gurbin karatunsa

A ranar 27 ga Mayun 2025, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta umarci ofisoshin jakadancinta da su dakatar da ba da sabbin ranakun ganawa ga masu neman bizar karatu. Bayan makonni uku aka ci gaba da ganawar, amma da sharaɗin cewa mai neman biza ya buɗe shafukansa na sada zumunta yadda jami'ai za su iya dubawa. Kwana biyar kafin dakatarwar, gwamnatin ta soke izinin Jami'ar Harvard na ɗaukar ɗaliban waje, washegari kotu ta tsayar da matakin. A ranar 4 ga Yuni kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, ya kuma taƙaita shigar 'yan wasu ƙasashe 7, har da masu zuwa karatu.

Labaran sun zo a jere cikin 'yan kwanaki, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauke su a matsayin abu guda. Alhali kowanne da asalinsa. Akwai dokokin da ke duba abin da ɗalibi zai karanta, akwai masu duba fasfonsa da makarantar da ya fito, akwai kuma masu duba abin da ya faɗa ko ya rubuta. Kuma ba Amurka kaɗai ke yin wannan ba. Birtaniya da Kanada da Tarayyar Turai da Sin da Rasha duk suna da nasu tsarin, wasu ma sun girmi ɗaliban da ake tantancewa da su.

## Ilimin da ke da fuska biyu

Tushen maganar shi ne abin da masana tsaro ke kira fasaha mai amfani biyu, wato ilimi ko na'urar da ke aiki a zaman lafiya, ta kuma yi aiki a fagen yaƙi. Injin da ke tace yuraniyom don tashar lantarki shi ne, in aka ci gaba da juya shi, zai tace na bam. Lissafin da ke kai tauraron ɗan'adam sama shi ne ke kai makami mai linzami wata nahiya. Wuƙa ɗaya ce, mai girki da mai kisa duk ita suke riƙewa.

Wani lamari na 2011 ya fito da matsalar fili. Ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya ta Ron Fouchier a Holan, ɗaya ta Yoshihiro Kawaoka a Amurka, sun sauya ƙwayar cutar murar tsuntsaye ta H5N1 har ta iya yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji. Manufarsu ita ce gane irin sauyin da ya kamata likitoci su sa wa ido kafin annoba ta ɓarke. Wani kwamitin ba gwamnatin Amurka shawara ya nemi a cire bayanan yadda aka yi aikin kafin a wallafa, don kada su zama jagora ga mai mugun nufi. An shafe watanni ana ja-in-ja, daga baya aka wallafa a 2012. Sai dai gwamnatin Holan ta sa Fouchier ya nemi lasisin fitar da kaya waje kafin ya aika da maƙalarsa ga mujallar. A idon doka, rubutun ya zama kaya.

Wannan ne ya kawo mu ga kalma ta biyu, takunkumin fitar da kaya. Ƙasashe masu ƙera fasaha suna da jerin abubuwan da ba a fitar da su sai da izini. Wasu jerin na haɗin gwiwa ne, kamar Yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 mai mambobi 42, wadda ta gaji tsarin da ƙasashen Yamma suka yi amfani da shi a kan Tarayyar Sobiyet. Abin da ɗalibai ba su cika sani ba shi ne, a dokar Amurka, ba sai kaya sun tsallaka iyaka ba. Idan malami ya nuna wa ɗalibi ɗan wata ƙasa bayanin da ke cikin jerin, ko da a cikin ɗakin gwaje-gwajen jami'ar ne, doka tana ɗauka kamar an fitar da bayanin zuwa ƙasar ɗalibin.

An taɓa ɗaure malami a kan haka. J. Reece Roth farfesa ne a Jami'ar Tennessee, yana aikin kwangilar rundunar sojan saman Amurka kan wata fasaha ta jirage marasa matuƙa. Ya sa ɗalibinsa ɗan ƙasar Sin a aikin, ya bar wani ɗan Iran ya samu damar ganin wani ɓangare, sannan ya tafi Sin da kwamfutar da ke ɗauke da bayanan. Kotu ta same shi da laifi a 2008, aka yanke masa shekara huɗu a 2009. Tun daga nan jami'o'i da dama suka ƙara ƙaimi wajen duba wane ɗalibi zai shiga wane ɗaki.

Akwai kuma kariyar da ta rage kaifin wannan doka. A 1985 Shugaba Ronald Reagan ya fitar da umarni cewa binciken asali, wanda ake yi don a wallafa kowa ya karanta, ya kasance a buɗe iya yadda zai yiwu, abin da ake son ɓoyewa kuma a sa masa hatimin sirri tun farko. Yawancin aikin ɗaliban digiri na biyu da na uku yana ƙarƙashin wannan inuwa. Takaddamar yau ita ce ko inuwar tana raguwa.

## Mutum biyu da kowane ɓangare ke kafa hujja da su

Duk muhawarar da aka yi kan wannan batu, da wuya a tashi ba a ambaci Abdul Qadeer Khan ba. Ya yi karatun kimiyyar ƙarafa a Jamus da Holan da Beljiyam, a 1972 ya fara aiki da wani kamfani a Amsterdam da ke yi wa masana'antar tace yuraniyom ta Turai aiki. A ƙarshen 1975 ya koma Pakistan da sanin yadda ake ƙera injinan. Pakistan ta gwada bam ɗinta a Mayun 1998, kuma a Fabrairun 2004 Khan ya fito talabijin ya amsa cewa ya ba wasu ƙasashe fasahar, waɗanda bincike ya nuna su ne Iran da Libiya da Koriya ta Arewa. Masu goyon bayan tantancewa suna cewa ga abin da sakaci ke haifarwa.

Masu adawa kuma suna kawo Qian Xuesen. Ya je Amurka karatu a 1935, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana roka a jami'ar Caltech. A 1950, lokacin da ake farautar 'yan kwaminis, aka janye masa izinin taɓa ayyukan sirri, aka shafe shekara biyar ana tsare da zirga-zirgarsa, a 1955 ya koma Sin. Shi ne ya jagoranci gina shirin makamai masu linzami da na sararin samaniya na ƙasar. Zargi ya kori mutumin da ake da shi a hannu, ya kai shi ga abokin hamayya.

Harin 11 ga Satumbar 2001 ya ƙara wani salo. Ɗaya daga cikin maharan 19 ya shiga Amurka da bizar karatu, bai kuma taɓa zuwa makarantar da ta ba shi gurbi ba. Sakamakon haka a 2003 aka fara aiki da rumbun bayanai na SEVIS, inda kowace makaranta ke sanar da gwamnati ko ɗalibin waje ya yi rajista, ko ya sauya fanni, ko ya daina zuwa.

## Tantancewa ta fannin karatu

Wannan ita ce mafi sauƙin fahimta. Misali mafi bayyana shi ne takardar ATAS ta Birtaniya, wadda aka fara a 2007 ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ɗalibin da ya samu gurbin digiri na biyu ko na uku a wasu fannoni, kamar kimiyyar lissafi da fiziks da kemistiri da sassan injiniya da kimiyyar ƙwayoyin halitta, ba zai samu biza ba sai da ita. Tun Mayun 2021 ta haɗa da masu zuwa aikin bincike, ba ɗalibai kaɗai ba.

Fom ɗin kyauta ne, ta intanet ake cika shi. Yana neman taƙaitaccen bayanin binciken da za a yi, wanda ɗalibi da jami'a suka amince da shi, da duk makarantun da ya halarta, da wuraren da ya yi aiki, da maƙalun da ya wallafa, da mai biyan kuɗin karatunsa, da sunayen mutum biyu da za su ba da shaida a kansa. Amsa kan ɗauki makonni, a lokacin cunkoso ta fi haka. Idan batun binciken ya sauya, ko karatun ya zarce lokacinsa da fiye da wata uku, sai a sake nema. Idan aka ƙi, ba a saba bayyana dalili ba, domin dalilin kansa na iya zama bayanin sirri.

Ko a nan ma fasfo yana da tasiri. 'Yan Tarayyar Turai da Amurka da Kanada da Ostireliya da Japan da Koriya ta Kudu da Singafo da wasu 'yan ƙasashe ƙalilan ba sa buƙatar takardar. Ɗalibai biyu za su zauna a benci ɗaya, a ƙarƙashin malami ɗaya, ɗaya ya jira wata biyu, ɗayan bai ma san da ita ba.

## Tantancewa ta fasfo da alaƙa

A Disambar 2006 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1737, wanda ya nemi ƙasashe su sa ido, su hana ba 'yan Iran horo na musamman da zai taimaka wa shirin nukiliyar ƙasarsu. Holan ta fassara shi da faɗi, ta hana 'yan Iran shiga wasu kwasa-kwasai da wasu wurare. Ɗalibai da malamai suka kai ƙara, a 2012 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa matakin wariya ne, domin ƙudurin bai ce a yi wa duk mai riƙe da fasfon Iran kuɗin goro ba.

Wannan hukunci ya nuna inda doka ke takawa a Holan. Daga baya wasu gwamnatoci suka koma duba alaƙa, ba ƙasa kaɗai ba. A Mayun 2020 Amurka ta fitar da umarni mai lamba 10043, wanda ya hana biza ga ɗaliban gaba da digiri na farko 'yan Sin da ke da alaƙa da cibiyoyin da ake ganin suna haɗa binciken farar hula da na soja. Zuwa Satumbar shekarar an soke biza fiye da 1,000. Kanada ta bi wata hanya a Janairun 2024. Ta wallafa fannonin fasaha 11 da take ganin masu haɗari ne, da sunayen cibiyoyi kusan 100 na Sin da Iran da Rasha, ta ce ba za ta ba da kuɗin bincike a waɗannan fannoni ba idan akwai mai alaƙa da cibiyoyin a cikin masu aikin. Fa'idar tsarin Kanada ita ce jerin a fili yake, kowa zai iya dubawa kafin ya ɓata lokacinsa.

Shirin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne wanda ma'aikatar shari'ar Amurka ta ƙaddamar a Nuwambar 2018 don farautar masu satar fasaha zuwa Sin. Shari'o'i da yawa da suka shafi malaman jami'a ba su kasance na leƙen asiri ba, sun tsaya ne kan rashin bayyana alaƙa da wata jami'ar Sin a fom ɗin neman kuɗin bincike. An samu Charles Lieber na Harvard da laifin yi wa hukuma ƙarya da laifin haraji a Disambar 2021. Amma kotu ta wanke Anming Hu na Tennessee a Satumbar 2021, aka kuma janye tuhumar da ake yi wa Gang Chen na jami'ar MIT a Janairun 2022. Wata guda bayan haka aka rufe shirin, ma'aikatar da kanta ta amince cewa ya haifar da tunanin ana ware 'yan asalin Sin.

Yaƙi kuwa yana yanke alaƙa a dunƙule. Bayan Rasha ta kutsa Yukren a Fabrairun 2022, manyan hukumomin bincike na Jamus sun dakatar da hulɗa da cibiyoyin gwamnatin Rasha. Cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, da ke Jeniba, wadda ta ci gaba da aiki da masanan Sobiyet a tsawon Yaƙin Cacar Baka, ta kawo ƙarshen yarjejeniyarta da Rasha a Nuwambar 2024.

## Tantancewa ta ra'ayi

Wannan ce sabuwa ga yawancin ɗalibai, kuma ita ce ta bambanta 2025 da shekarun baya. Bayan zanga-zangar da aka yi a jami'o'in Amurka kan yaƙin Gaza, gwamnati ta soke bizar wasu ɗalibai, ta tsare wasu, tana dogaro da wani sashe na dokar shige da fice ta 1952 da ke ba sakataren harkokin waje ikon neman a fitar da baƙon da zamansa zai iya cutar da manufofin ƙasar na waje. Gwamnati tana cewa biza alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma tana yaƙi ne da ƙyamar Yahudawa da goyon bayan ƙungiyoyin da ta ayyana na ta'addanci. Ƙungiyoyin malaman jami'a da masu kare 'yancin faɗar albarkacin baki suna cewa kundin tsarin mulki yana kare duk wanda ke cikin ƙasar bisa doka, baƙo ko ɗan ƙasa, kuma sun kai maganar kotu.

Bambancin da ke tsakanin wannan da na baya babba ne. Takardar ATAS ba ta shafi mai karanta tarihi ko adabi. Duba shafukan sada zumunta kuwa ya shafi kowa, kuma ma'auninsa ba jerin na'urori ba ne, fahimtar jami'in da ke karanta rubutun ne.

## Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Hukumomin tsaro suna da hujja mai ƙarfi. Fasahohin da ke gaba a yau, kamar ƙirƙirarriyar basira da ƙwaƙwalwar kwamfuta da kimiyyar sarrafa ƙwayoyin halitta, a jami'o'i da kamfanoni ake haɓaka su, ba a barikin soja ba. Sin ta bayyana a hukumance cewa haɗa fasahar farar hula da ta soja manufarta ce ta ƙasa. Kuma wasu gwamnatoci suna matsa wa 'yan ƙasarsu da ke waje lamba ta hanyar iyalansu da ke gida, har mutumin kirki ya rasa yadda zai ƙi.

Jami'o'i ba su musanta haɗarin ba, abin da suke ja a kai shi ne girman tarun da ake jefawa. A shekarar karatu ta 2023/24 Amurka tana da ɗaliban waje fiye da miliyan 1.1, waɗanda aka ƙiyasta sun shigar da dala biliyan 43.8 cikin tattalin arzikinta. Ɗakunan gwaje-gwaje na injiniya da kimiyyar kwamfuta sun dogara sosai da ɗaliban waje masu digiri na uku. Adadin 'yan Sin ya sauka daga kimanin dubu 372 a 2019/20 zuwa dubu 277 a 2023/24, har Indiya ta wuce su, ko da yake annobar korona da ci gaban jami'o'in Sin suna da nasu kason a wannan raguwa.

Akwai kuma ɓangaren da ke kallon ɗalibin waje a matsayin jarin diflomasiyya. Don haka Amurka ta kafa tallafin Fulbright a 1946, Sobiyet ta buɗe Jami'ar Abotar Al'ummai a Mosko a 1960, Birtaniya ta fara Chevening a 1983. Tunanin shi ne wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasarka zai tuna da kai idan ya zama minista. Ma'aikatar harkokin waje ɗaya ce ke ba da tallafin, ita ce kuma ke hana bizar, kuma ba kullum hannayen biyu ke sanin abin da ɗaya ke yi ba.

Ɗaliban hulɗar ƙasa da ƙasa sun san sunan wannan yanayi daga aji, wato "security dilemma", tsaka-mai-wuyar tsaro. A 1950 John Herz ya bayyana yadda matakin da ƙasa ke ɗauka don kare kanta yake zama barazana a idon wata, ita ma ta rama, a ƙarshe kowa ya fi da rashin kwanciyar hankali. Kwana guda bayan umarnin 4 ga Yunin 2025, Chadi, ɗaya daga cikin ƙasashe 12 ɗin, ta dakatar da ba Amurkawa biza. Sin ta faɗaɗa dokarta ta yaƙi da leƙen asiri a Yulin 2023, ta yadda tattara bayanan da a da ake ɗauka na bincike ne zai iya jefa mutum cikin matsala. Rasha ta ɗaure masana kimiyyar jirage masu tsananin gudu na wata cibiya a Novosibirsk bisa tuhumar cin amanar ƙasa, abokan aikinsu kuwa suna cewa abin da suka gabatar a tarukan waje an riga an tantance shi. A Mayun 2024 Tarayyar Turai ta nemi tsaka-tsaki da ƙa'idar a buɗe iya yadda zai yiwu, a rufe iya yadda ya zama dole. Ƙa'idar tana da kyau a takarda, sai dai ta bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta abin da ya zama dole.

## Masu nazarin tsaron da kansu

Wanda ke karanta siyasa ko harkar tsaro ba ya taɓa na'ura mai haɗari, amma tambayoyinsa suna kama da na ɗan leƙen asiri. Matthew Hedges, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Durham, ya je Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bincike kan manufofin tsaronta. An kama shi a Mayun 2018, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Nuwamba bisa tuhumar leƙen asiri, wadda shi da gwamnatin Birtaniya suka musanta, sannan aka yi masa afuwa bayan 'yan kwanaki. Giulio Regeni, ɗan Italiya na Jami'ar Cambridge, yana nazarin ƙungiyoyin ƙwadago a Alƙahira lokacin da ya ɓace a Janairun 2016, aka tsinci gawarsa da alamun azabtarwa. Masu gabatar da ƙara na Italiya sun tuhumi jami'an tsaron Masar huɗu, Masar ta musanta. Bayan irin waɗannan, kwamitocin jami'o'i sun ƙara tsanani wajen amincewa da tafiyar bincike, wanda ke nufin ƙasashen da aka fi buƙatar fahimta su ne aka fi ƙarancin zuwa.

## Inda abin ke taɓa ɗalibi

Mafi yawan masu nema ba za a ƙi su bisa dalilin tsaro ba. Abin da ya fi cin su shi ne jinkiri. Takardar gurbi tana da wa'adi, tallafin karatu yana da ranar farawa, kuɗin da aka ajiye na masauki ba koyaushe ake mayarwa ba. Takardar tantancewa da ta makara da wata biyu tana iya cinye shekarar karatu gaba ɗaya, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ba ya iya jure wannan asara.

Sai kuma tacewar da ba a rubuta ba. Malamin da ke da gurbi ɗaya da masu nema biyar zai iya zaɓar wanda fasfonsa ba zai jawo masa cike fom da jira ba, kuma wanda aka bari ba zai taɓa sanin dalili ba. Wanda ya riga ya shiga yana iya samun kansa a waje da wani aikin da abokan karatunsa ke ciki, ko ya fasa zuwa gida hutu don tsoron kada a hana shi dawowa.

Shari'o'in da aka ambata sun nuna cewa ɓoye alaƙa ya fi alaƙar kanta jawo matsala. Tsohuwar makaranta, ko tallafin da aka taɓa karɓa, ko aikin soja na dole, idan aka bayyana su a fom ana iya tambaya a wuce, idan kuma aka gano su daga baya sai su zama ƙarya ga hukuma. Bayanin bincike da aka rubuta a dunƙule shi ma yana jawo ƙarin tambaya fiye da wanda ya faɗi takamaiman abin da za a auna da na'urar da za a yi amfani da ita. Kuma tunda ƙa'idojin suna sauyawa tsakanin lokacin neman gurbi da lokacin neman biza, ofishin ɗaliban waje na jami'ar da shafin ofishin jakadanci su ne wuraren da ake samun wadda ke aiki a ranar da za a nema.